Kafin A Ɗaura Ruwa

A Shika, a ɗakin da fankarsa ke ɗingishi,
Likita Rifkatu ta ajiye biro a tsakaninmu,
ta ɗora yatsa a kansa.
Ta ce, Malam Isiyaku, kada ka sa hannu tukuna.
Ruwan nan da za mu ɗaura maka
yana farautar ciwon daji,
amma ba ya tambayar sunan abin da ya tarar a hanya.
Mai yiwuwa ka warke, ka rasa haihuwa.

Ni mai gyaran agogo ne a Sabon Gari.
Na saba buɗe cikin abu in ga inda ya tsaya.
Ban taɓa jin daƙiƙa mai nauyin wannan ba.

Kawu Hashimu ya gyara zaman hula:
Likita, ina ruwan majiyyaci da dogon bayani?
Haihuwa ta Allah ce.
Miƙo in sa masa, la'asar na neman kufce mana.
Ta ce, Baba, ta Allah ce, ba musu.
Amma jikin nasa ne, hannun ma sai nasa.
Doka ta hana ni karɓar naka.
Sai na faɗa masa da harshen da ya sha a nono,
ya tambaya, in amsa,
in kuma ya ce a'a,
a'ar ma tana da kujera a ɗakin nan.

Sai Inna ta faɗo mini a rai.
Ranar da aka ciro ni, shekara talatin ke nan,
an haɗa har da ɗakin da na kwanta a cikinta.
Babana ya dangwala yatsa a baranda
tana can cikin barcin allura.
Ba wanda ya ce mata uffan.
Shekara shida tana jiƙa saiwa,
daga Kwarbai zuwa Tudun Jukun,
tana ƙirga wata da gaɓoɓin yatsu,
har wata ungozoma ta dubi tabon, ta dubi tsohon kati,
ta sunkuyar da kai.
Inna ba ta taɓa cewa da ba a cire ba.
Cewa take yi, da dai an gaya mini.

Likita ta ce akwai inda ake adana iri cikin sanyi,
yadda manomi ke ware dami ɗaya a ƙuryar rumbu.
Da nisa. Ta rubuta kuɗin a bayan takarda.
Ya fi shagona, har da agogunan mutane da ke rataye ciki.
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ta ce, na sani.
Doka ba ta biya maka, ni ma ba ni da shi.
Amma ba zan ɓoye maka ƙofa
don na ga takalminka ya tsufa ba.

Na ninke takardar gida huɗu, na tafi da ita Tudun Wada.
Saude, wata takwas da aurenmu,
ta karanta sau biyu da fitilar waya.
Tuwo ya huce.
Can ta ce, ka rayu tukuna.
Sauran ma yi kukansa tare, idonmu biyu.

Inna ba ta karatun boko.
Ta ce a ba ta ta riƙe.
Ta bi layukan da yatsa har ƙasa,
inda aka bar fili fari.
Nan ne wurinka?
Nan ne, Inna.
Ba wanda ya riga ka?
Babu.
Ta daɗe tana shafa wurin.
Ta ce, to.

Ranar Alhamis na koma da tambaya tara
a bayan rasit ɗin batir.
Ta amsa bakwai.
Biyu ta ce ba ta sani ba,
na fi yarda da ita saboda biyun nan.

Na rubuta sunana duka, har da na kakana,
a hankali, kamar mai ɗaura ƙaramin hannun agogo.
Aka ɗaura ruwa.
Yana ɗiga, ina bin sa da ido,
yana makara da kusan rabin daƙiƙa.
Na bar shi yadda yake.